Ranar da Baba Ya Kira Sunan Yaya

A Hunkuyi, shekarar samun 'yancin kai, Yaya Hauwa ta daina cin abinci. Ko an matsa mata ta ci, sai ta zaga bayan rumbu ta amayar.

'Yar fari ce, don haka Baba bai taɓa kiran sunanta ba. Wata rana bayan la'asar ya shigo da akushinsa na tuwo da miyar kuka, ya zauna a ƙasa gabanta.

"Hauwa'u," ya ce, "loma ɗaya ke, ɗaya ni. In kin tsaya, na tsaya."

Ludayi ya suɓuce wa Inna. Yaya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa hannu.

Har yau in na ji ƙamshin miyar kuka, tsigar jikina tashi take yi.