Murfin Tukunya

A bazarar da Baba ya rushe rufin ƙasa na ɗakinmu a Kanan Bakashe ya buga kwano, na fi kowa ɗoki. Tun daga bakin rijiya ake hango ƙyallinsa.

Bayan azahar Kaka, mahaifiyar Baba, ta shigo ganin aiki. Ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ɗaga kai, nan take gumi ya tsattsafo mata.

"Inna, ai mun huta da yaɓe duk shekara," in ji Baba.

"Kun huta kam," ta ce. "Kun kifa wa ɗaki murfin tukunya. Saura ku shiga ku dahu."

Ta ja hannuna zuwa ɗakinta. Ta yayyafa ruwa a daɓe, ta jiƙa tsohon zane ta rataya a ƙofa. Sanyi ya taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ni kuwa ina ta ƙunƙuni an raba ni da sabon ɗaki.

Yau ina Tasawa, cikin gidan siminti da kwano. Fanka tana shan kuran, wato wutar lantarki, dare da rana, iskar zafi kawai take juyawa. In an ɗauke wuta, yara sai kuka. Bana na ce wa magini ya yi mini ɗaki ɗaya na ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Malam, arziki ne ya ja baya?"

Cikin haushi na ce a zuciyata: Kaka, mun dahu tun tuni, ba mai sauke mu.