Mai Kaɗa wa Rana Kwano

Tun shekarar da jirage suka fara fesa farin hayaƙi a sama don rage zafi, ba a sake ganin ƙwayar rana a Rijiyar Tsamiya ba. Kullum gari fari fat, kamar an shafe shi da koko.

Lantana ta kawo wa mahaifiyarta dawar agaji, ta tarar da ita a tsakar gida tana dukan kwano da muciya, yadda ake yi a da idan an kama wata, har a sake shi.

"Inna, ki bari mana. Ba husufi ba ne, mutane ne suka rufe ranar. Kin manta zafin da ya kashe Baba a gona?"

"Ban manta ba," in ji tsohuwar. "Amma lokacin gero na nuna. Yanzu damina ta ƙaura. Wa ya tambaye mu?"

"An ce in suka daina, zafin zai sauko lokaci guda, ba wanda zai tsira."

Inna ta ci gaba da duka. Lantana ta dubi ƙasa, tsakar rana, daga ita har uwarta ba mai inuwa. Jirgi ya gifta can sama. Ta ajiye dawar, ta ɗauko faranti, ita ma ta hau duka.