Tulun Lanfen

Mai kwalekwalen da ƙafa yake tuƙi, kamar kowane ɗan garin Shaoxing, bakinsa kuwa ya fi ƙafar aiki.

"Kai baƙo," ya ce wa Haisheng, "a nan ran da aka haifi 'ya mace ake binne mata tulun giyar shinkafa. In an tone shi don bikinta, sunansa Jan Amarya. In ta mutu ba aure, Fure Ya Kaɗe."

"Kawu, bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Lanfen. "Tuƙa mu kawai."

Shekara uku ke nan da ta bi Haisheng, wani masunci, zuwa tsibiran Zhoushan ba da yardar ubanta, Tsoho Lou, ba. Ta ƙi a yi biki sai tsohon ya sa albarka. Wasiƙa ta rubuta har ta gaji, Tsoho Lou ko uffan. Sai makon jiya saƙo ya iso, layi ɗaya: zan tone tulun.

Baiwar Allah, kwana ta yi tana kukan murna.

Suka sauka a gindin gadar dutse, ana yayyafi. Babu jar takardar biki a ƙofar gida. Haisheng ya ja hannun rigarta, ta fizge. Ai Baba bai taɓa son kwalliya ba.

Ga rami ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, ga tulu da laka a jikinsa. Maƙwabta sun zauna jugum. Uwarta, da farin zaren makoki ɗaure a gashi, ta dube ta sau ɗaya ta shige kicin.

Tsoho Lou ya fasa murfin. Ƙamshin shekara ashirin da shida ya cika gidan. Kofin farko ya tsiyayar a ƙasa, sannan ya shiga zuba wa mutane ɗaya bayan ɗaya.

Lanfen ta durƙusa a kan hanyarsa, ta miƙa hannu biyu.

"Baba, na dawo."

Ya kewaye ta kamar yadda ake kewaye turmi, ya miƙa wa wata tsohuwa mai nauyin ji kofin.

"Lou," in ji tsohuwar da ƙarfi, "Jan Amarya muke sha, ko?"

"A'a, Gwaggo," ya ce. "'Yata ta rasu shekara uku da suka wuce. Sha, Fure Ya Kaɗe ne."