Tarbar Mai Faci

Tun da ka ce an sa ka a kwamitin gidauniyar nan, zauna in ba ka wani misali kafin ka ɗinka sabuwar riga.

An yi wani mai faci a bakin tasha da ciwon daji ya kama a ƙoda, irin wanda likitoci ma suka ce ba kasafai suke gani ba. Aka kai shi asibitin birni, aka cire ƙodar, aka yi ta ɗura masa magani har gashin kansa ya zube. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani manomi mai irin ciwon. Shi ke riƙe wa mai faci kwano in amai ya taso, shi ke jiƙa masa leɓe da ruwa. Allah ya tashi kafaɗun mai faci, aka sallame shi. Manomi kuwa aka ce sai an yi masa gashi da na'ura mai tsada, ga shi ya sayar da shanun noma, ya sayar da gona, saura fartanya. Ranar rabuwa mai faci ya kama hannunsa ya ce, "Ɗan'uwa, ka jira ni."

Ba shi da komai sai ƙafafu da tsohon keke. Da ya ji ƙarfi sai ya yi alwashin tuƙa keken nan daga garinsu har ƙofar asibitin, gari-gari, a tara abin da za a yi wa manomi gashi. Amma kunya ta hana shi miƙa hannu. Mutumin da ko allura bai taɓa roƙa ba, a ce ya tashi daga jinya ya koma bara? Sai ya je wa manyan ƙungiyar garinsu, ya ce su riƙa karɓa, shi ya riƙa tuƙi. Suka ce ai wannan aikin Allah ne, suka kafa kwamiti, suka bi shi a mota da lasifika. Rana ta gasa masa ƙeya, cinyoyinsa suka sale, wurin ɗinkin ya yi ta sukarsa, fitsarinsa ya koma ja. Mutane kuwa sun bayar. Mai ƙosai ta kwance bakin zaninta, ɗan dako ya ba da na abincin ranarsa. Duk sanda ya ji zai faɗi, sai ya tuna hannun da ya riƙe masa kwano, ya sake taka feda.

Da ya iso birni sai ya tarar da rumfuna da kujeru. An yanka ƙaton sa, an yi anko, an buga kalanda da hotunan manya, nasa ɗan mitsitsi can ƙasa. Babban tebur ya cika, don haka a tsaye ya ji jawaban da aka yi a kansa, yana riƙe da kekensa. Aka miƙa masa lambar yabo, aka tafa. Da taro ya watse ya ja shugaban kwamiti gefe ya tambayi abin da aka tara. Shugaba ya buɗe baki da mamaki: "Haba, malam! Ka yi wannan bajinta mu tarbe ka da ruwan randa? Garinmu ya ji kunya? Ai duk don kai aka yi." Abin da ke ƙona mini rai ke nan, ko sisi ba wanda ya sa a aljihu. A gabansa aka cinye kuɗin, ana yi masa kirari.

Ya shiga asibitin da lambar yabo a hannu ɗaya, ƙunshin ragowar nama a ɗaya. Ashe tun da rana manomi ya ji kiɗa, ya sa an jingina shi kusa da taga, wai ɗan'uwansa ya iso. Ya dubi hannayen mai faci, ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce, "Sannu da hanya." Naman ma ba ya iya haɗiyarsa. 'Yan'uwansa suka mai da shi gida, kafin damina ta faɗi an rufe shi. Kalandar tana nan rataye a shagunan garin. Mai faci kuwa ya jingina keken bayan rumfarsa, tayoyin suka sace, shi da ke faci bai ƙara taɓa su ba.

To, ka je taronku, amma ka san kujerar da za ka zauna a kai da gumin wa aka yi hayarta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.