Mai Ƙwan Zabi da Kekensa Mai Durƙuso

Akwai wani mutum a wani ƙauye cikin duwatsu, da damina sana'arsa kai ƙwan zabi kasuwa. Ƙwan kuma ba nasa ba ne, na matan ƙauyen ne. Kowace ta tara nata ta ba shi amana, ya jera a kwando da ƙaiƙayi ya ɗaure a gaban keke. Keken tsoho ne ɗan gwanjo, irin na hawan dutsen nan, fenti duk ya ɓare. Ƙarafunan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, waɗanda masu gyara ke ce wa fok, akwai sifirin a cikinsu. In ya faɗa rami sai gaban ya lotsa ya taso a hankali, in ya taka burki ya duƙa yana kuka ƙii, har da ɗan baƙin mai yana tsiyaya. Shekara da shekaru yana bin hanyar nan, da ƙyar ka ga ƙwai ɗaya ya fashe, shi a zatonsa iya tuƙinsa ne. To, sai 'yan majalisar bakin kasuwa suka sa shi gaba. Da ya tsaya sai wani ya ce, "Malam, keken nan naka akwai ladabi, har ƙasa yake gaishe mu." A yi ta dariya. Shi ma yakan yi yaƙe, amma abin yana cin sa a rai, har ya koma sauka tun daga nesa yana turo shi. Ran nan dai ya kai wa mai walda keken, ya ce a ƙame masa gaban ya tsaya cak kamar na kowa. Mai walda bai tambayi dalili ba, ya sa wuta.

Ranar kasuwa ya ɗaura kwando ya kama hanya. Tun a gangaren farko ya ji kowane dutse yana dukan kafaɗarsa. Kafin ya kai rafi, ruwan ƙwai ya fara ɗiga a kan taya. Da ya buɗe, ƙaiƙayi ya zama kunu. Kasuwar da bai shiga ba ke nan. Ya juyo yana bin gida gida, yana sallama daga ƙofa, kai a ƙasa. Wata tsohuwa, wadda da ƙwan nan take sayen gishiri da manja, ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sannu ɗan nan, faɗuwa ka yi? Ba ka ji ciwo ba dai ko?" Ya ce bai faɗi ba. Ta tsaya tana jiran sauran bayani, shi kuwa ya juya ya wuce, don ba ya iya ce mata dariyar mutane ya guda. Ya koma wa mai walda a kwance masa, aka ce wuta ta riga ta cinye sifirin ɗin ciki, irinsa kuma an daɗe da daina kawowa. Da wata kasuwar ta zagayo, ba wadda ta yi masa faɗa, sai dai kwandon nasa ya kwana ba ko ƙwai ɗaya. Ka ga abin da Hausawa ke cewa: garin neman gira, an rasa ido.