Kazar Alhamis

Yau ma gishiri ya yi yawa. Muhtari ya tauna loma ɗaya, ya ture kwanon, ya bi matarsa Saudat da harara. Alhamis ta goma sha ɗaya ke nan ana ɓata masa kaza.

Direba ne, yana jigila tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi. Duk Alhamis, in kasuwar Shinkafi ta ci, sai ya zaɓo kaza ƙosasshiya, ya haɗo da tarugu da tattasai da dankali, ya ba Kamilu abokin aikinsa mai juyowa da hantsi ya miƙa gida. Shi kuwa sai gab da magariba yake shigowa, cikinsa na kiran ciroma.

Kuma fa ba wani girki ba ne mai wuya. Tun yana ƙarami a Dauran yake ganin Inna, mahaifiyarsa, tana yi. A gyara kaza, a jajjaga tarugu da albasa, a watsa citta da masoro da 'yar daddawa, a jera dankali a kai, a rufe tukunya, a zuba garwashi bisa murfi, kowa ya kama gabansa. Kafin a idar da la'asar ƙamshi ya kai bakin rijiya. Abin da ko makaho zai iya, in ji shi.

Amma Saudat, da duk takardarta ta aikin jinya, ta kasa. Wani makon kazar ta kama, wani makon dankalin bai nuna ba, ran nan kuwa har toka ya tsinta a cikin romo. In ya yi faɗa ba ta musu. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi haƙuri, Baban Nusaiba," ta kwashe kwano. Wannan ban haƙurin ya fi gishirin ƙona masa rai.

Abin takaicin, ga gwanar girkin nan a cikin gida. Wata uku ke nan da ya ɗauko Inna daga Dauran, bayan 'yan bindiga sun hana noma. Ta baro rumbunta da tukwanenta da kajinta, ta zo ta zauna a ɗakin kusa da madafa, ba aikin fari ba na baƙi. To amma shi ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama inda yake, ba ta haɗa ido da shi. In ya durƙusa gaisuwa a ƙofarta, daga bayan labule take amsawa, kalma biyu ta sallame shi. Da wace fuska zai ce mata ta koya wa matarsa girki?

Sai dai ya ɗaga murya a tsakar gida yadda za ta ji. "Wagga ba kaza ba ce, wulaƙanci ne. Duk wanda ya san hannun Inna ba ya cin wagga." A wautarsa yabo yake aika wa tsohuwa. Labulen ɗakin ko motsi ba ya yi. Ran Alhamis ma kwanon Inna a rufe yake dawowa yadda aka kai shi. Muhtari ya ce ai dole, wa zai iya ci.

A ganinsa aikin asibitin nan ne ya jawo. Mace ta fita tun safe, ta dawo biyar ta gota, ta faɗa wa tukunya a gurguje, me za a samu? Ya wanke hannu, ya yanke hukunci.

"Alhamis mai zuwa in ta sake ɓaci, kin bar aikinga. Na gama magana."

Saudat ta ɗago kai. Shekara uku ta yi tana karatu a Gusau kafin ta samu aikin, kuma ya sani sarai. Ta dubi ɗakin kusa da madafa, ta kwashe kwano. Makon nan duk a ɗarare aka yi shi. Shi yana fushi, ita tana ramewa, ko yaran sun daina wasa a gabansa.

Alhamis ta zo. Ya aika da kaza kamar kullum, har da ƙarin tarugu don kada a samu abin fakewa. Da azahar sai labari ya zagaye tasha cewa hanya ba kyau da yamma, direbobi suka yi ayari suka taso da wuri. Ƙarfe uku yana ƙofar gidansa, abin da bai taɓa yi ba ranar kasuwa.

Tun daga zaure ƙauri ya tare shi. Ransa ya ɓaci. Ko kallon igiyar shanya bai yi ba, inda farar rigar aikin Saudat kan kasance a rataye in ta dawo. Igiyar wayam take.

"Ta sake ƙonewa ko? Wane irin hannu ne wanga da ba ya jin koyo? Ko akuya aka nuna wa sau goma sha biyu ai ta iya."

Ya taka har bakin madafa, ya tsaya. Hayaƙi ya turnuƙe ciki. Wadda ke tsugune gaban murhu tana laluben murfin tukunya da yatsu, ta dafa garwashi, ta janye hannu ba ko tsaki. Ba ta juyo ba. Ta ja zane ta rufe kai, ta fuskanci bango, ta yi magana kamar da bangon take.

"A gaya ma mai gidanga ya bar ɗiyar mutane da aikinta," in ji Inna. "Idona ne ya tahi, na roƙe ta kada ta faɗi. Tun ran da na zo, ni ke dafa mashi kazarshi."