Digirin Malam Ku-Kwafa

"Ni malamin bogi tun daga ƙofa nake jin warinsa," in ji Oga Kalanda, yana shiga ɗakin taron iyaye yana kaɗa makullin mota.

Shagon buga kalanda da katin gayyata gare shi a bayan tasha, sunan ya bi shi ke nan. Yau kuwa a wuya yake. Autarsa, wadda ya gama yi wa unguwa shelar likita za ta zama, ta faɗi jarrabawar kimiyya warwas. Ba ita kaɗai ba, ajin ne ya kife gaba ɗaya.

Kafin a zauna sai da ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje. Kwalabe sun yi gansakuka, kashin ɓera ya cika tebura, ga mushen ƙadangare ya bushe a wurin wanke hannu. Ya tofar da yawu. Malamin ajin, wanda yara suka laƙaba wa Ku-Kwafa, abu ɗaya ya iya: ya juya ƙeya, ya juye littafi a allo, duk wanda ya yi tambaya ya sha ranƙwashi.

"A fito mana da takardar digirinsa!" in ji Oga Kalanda da aka zauna.

Shugabar makaranta ta so ta yi rufa-rufa, iyaye suka yi mata caa, dole ta aika aka ɗauko.

Oga Kalanda ya ɗaga takardar saitin taga, ya murza gefenta da babban yatsa, har da shinshinawa. Ya yi tsaki. Wane jaki ne ya yi wannan ƙazamin aiki?

"Jama'a, ku gane wa idonku! Hatimi a karkace, kamar da gindin kofi aka danna shi. Sa hannun nan bin sawu aka yi da biro. Kwalin ma mai arha ne. Da wannan tsumman aka kashe wa 'yata gaba? A kira 'yan sanda! A kama shi, a kamo tsinannen da ya buga masa!"

Tafi ya ɓarke, wata uwa har da hawaye.

Can a lungu Malam Ku-Kwafa ya miƙe, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Babu faɗa a fuskarsa, sai marairaicewar wanda aka cuta a ciniki.

"Haba Oga," ya ce. "Ranar da na zo karɓa a shagonka, kai fa ka rantse min ko shugaban jami'ar ba zai gane ba."